MASARA DA TORTIYA: ABINCIN DA YA RIƘE ƘASAR MEKSIKO

A ranar 31 ga watan Janairu na shekarar 2007, dubun dubatar mutane suka cika titunan birnin Meksiko suna zanga-zanga, manoma da ma'aikata da matan aure. Abin da ya fito da su kuwa wata 'yar gurasar masara ce mai faɗin tafin hannu, wadda ake kira tortiya. A cikin 'yan watanni kuɗin kilo ɗaya ya tashi daga wajen feso 6 zuwa feso 10, a wasu garuruwa ma ya zarce haka. Tun kafin wannan rana Shugaban Ƙasa Felipe Calderon, wanda bai cika wata biyu a kan mulki ba, ya tara manyan 'yan kasuwa suka sa hannu a kan yarjejeniyar cewa kada kilo ya wuce feso 8 da rabi. Duk da haka jama'a ba su fasa fitowa ba.

Mai karatu zai yi mamakin yadda gurasa za ta girgiza gwamnati. To, matsayin da tuwo yake da shi a gidan Bahaushe, shi ne matsayin tortiya a gidan mutumin Meksiko, har ma da ɗori. Da ita ake karya kumallo, da ita ake cin rana, da ita ake kwana. Ita ce akushi, ita ce cokali, ita ce kuma abincin. Ƙasa mai mutum miliyan 126 a ƙidayar 2020, da wuya a sami gidan da rana za ta faɗi ba a ci ta ba.

ASALIN MASARA

Masarar nan da ake gasawa a bakin titi a Agege da Sabon Ibadan lokacin damina, asalinta daga Meksiko take. Masana sun tabbatar da cewa wajen shekara 9,000 da suka wuce mutanen kwarin kogin Balsas, a kudancin ƙasar, suka fara noma wata ciyawar daji mai suna tewosinte. Zangarniyarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙwayoyinta 'yan kaɗan ne, kowace kuma tana cikin ƙwanso mai taurin tsiya. Shekara da shekaru manoma suna zaɓen iri, suna ajiye mai kyau su watsar da maras kyau, har ciyawar ta rikiɗa ta zama masara. An tono totuwar masara a wani kogo na jihar Wahaka wadda aka ƙiyasta ta haura shekara 6,000.

Wani abin lura shi ne masara ba ta iya yaɗa kanta. Ƙwayoyinta a manne suke da totuwa, ga ɓawo ya lulluɓe su, in goyo ya faɗi ƙasa sai 'ya'yan su tsiro a cunkushe su kashe juna. Sai da hannun mutum take rayuwa. Saboda haka mutanen Meksiko kan ce su suka yi masara, ita kuma ta yi su. A cikin tsohon littafin tatsuniyoyin ƙabilar Maya, Popol Vuh, har cewa aka yi wai da ƙullun masara aka gina mutanen farko, wanda ke nuna irin girman da suke ba ta tun zamanin da.

A yau hukumomin ƙasar suna lissafa jinsin masara 59 na asalin Meksiko. Akwai fara, da rawaya, da ja, da shuɗiya, da baƙa, da mai dabbare-dabbare. Akwai ta kan duwatsu mai jure sanyi, akwai ta bakin teku mai jure zafi. Ƙananan manoma kan shuka ta a gona ɗaya tare da wake da kabewa da barkono, abin da suke kira milfa. Wake ya hau karan masara ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe danshi ya danne ciyawa. Manomin da ya saba haɗa gero da wake a kunya ɗaya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

SIRRIN TOKA DA FARAR ƘASA

Babban abin da ya bambanta masarar Meksiko da ta sauran duniya shi ne yadda ake sarrafa ta kafin ta shiga baki. Ba a surfa ta a turmi, ba a kuma niƙa ta a bushe. Uwargida takan auna tsabar masara ta zuba a tukunya da ruwa, ta sa 'yar farar ƙasa irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, kimanin giram 10 ga kowane kilo. A wasu ƙauyuka tokar itace ake sawa. Sai a dafa sama-sama, a sauke, a bar ta ta kwana cikin ruwan. Da asuba a tsiyaye ruwan, wanda ya zama rawaya, a murje masarar a wanke ta. Dusar bayanta takan saɓule da kanta. Wannan jiƙaƙƙiyar masara ita ake kira nistamal, daga kalmomi biyu na harshen Aztek, ɗaya na nufin toka, ɗaya na nufin ƙullu. An sami alamun wannan dabara a ƙasar Gwatamala tun fiye da shekara 3,000 da suka shige.

Daga nan sai niƙa. A da, mace kan durƙusa gaban dutsen niƙa mai ƙafa uku da suke kira metate, ta yi ta gurzawa har masarar ta zama ƙullu mai laushi mai haɗe jiki. Sunan wannan ƙullu a harshen Sifaniyanci shi ne masa. Sunan ya yi daidai da masarmu ta tanda, amma dace ne kawai aka yi. Sai ta gutsuri ƙullun, ta mulmula, ta yi ta tafa shi tsakanin tafukan hannu har ya yi faɗi ya yi siriri, ta shimfiɗa a kan wani faffaɗan kaskon yumɓu mai suna komal. Ba mai, ba yisti, sau da yawa ko gishiri babu. A juya sau biyu, sai ka ga ta kumbura kamar an hura mata iska. A ƙauyukan ƙasar akan ce yarinyar da tortiyarta ta kumbura ta isa aure.

Me toka da farar ƙasa ke yi wa masara? Abu huɗu. Na farko, su ke sa ƙullun ya haɗe, don garin masarar da aka niƙa a bushe in aka kwaɓa shi wargajewa yake yi, ba ya lanƙwasuwa. Na biyu, suna ƙara mata sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Na uku, suna rage dafin funfuna, watau aflatoksin, wanda ke kama masarar da aka adana da danshi. Na huɗu, wanda ya fi duka, suna kwance wani sinadari mai suna niyasin. Masara tana da shi, amma a ɗaure yake, jikin mutum ba ya iya ɗaukarsa sai an kwance.

ƘARAMIN SANI ƘUƘUMI NE

Turawan Sifen sun shiga Meksiko a 1519 a ƙarƙashin Hernan Cortes, suka ci babban birnin Aztek, Tenochtitlan, a 1521. Sun tarar da kasuwanni cike da wannan gurasa iri-iri, wadda 'yan ƙasa ke kira tilaskali. Su ne suka laƙaba mata suna tortiya, watau 'yar waina. Wani malamin kirista mai suna Bernardino de Sahagun ya rubuta ire-irenta da ya gani, da fara da mai kauri da mai laushi da wadda sarakuna ke ci.

Turawa sun kwashi irin masara sun kai ƙasashensu, amma suka bar dabarar toka a baya, don ba su ga amfaninta ba. Masara ta yi albarka a Turai, ta zama abincin talakawan Sifen da arewacin Italiya. Ba da daɗewa ba sai wata baƙuwar cuta ta ɓulla. Fatar mutum ta yi ja ta daddare duk inda rana ke bugu, gudawa ta kama shi, daga baya hankali ya gushe, sa'an nan mutuwa. Wani likita mai suna Gaspar Casal ya fara bayyana ta a Sifen a 1735. A Italiya aka sa mata suna felagira, watau fata mai kaushi.

A kudancin Amurka ma ta yi ɓarna ƙwarai. Tsakanin 1906 da 1940 an ƙiyasta ta kama mutum wajen miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000, yawancinsu talakawan gonakin auduga masu rayuwa a kan garin masara. An daɗe ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai da Dokta Joseph Goldberger ya fara bincike a 1914 ya nuna cewa daga abinci take. A 1937 Conrad Elvehjem ya gano cewa rashin niyasin ne. A Afirka kuwa ta kama dubban 'yan gudun hijirar Mozambik a sansanonin Malawi a 1990, inda garin masara ya zama kusan shi kaɗai ne abinci. Alhali kuwa a Meksiko, inda ake cin masara sosai, cutar ba ta cika yawa ba. Abin da likitoci suka shafe shekara ɗari biyu suna nema, matan ƙauye suna yinsa kowane dare a tukunya.

Duk da haka an daɗe ana raina ta a gida. Turawan mulki sun kawo alkama, burodi ya zama abincin masu hali, tortiya ta zama ta 'yan ƙasa da talakawa. A 1899 wani ɗan boko mai suna Francisco Bulnes ya rubuta littafi yana cewa wai masu cin masara ba za su taɓa kamo masu cin alkama ba. Sai a shekarun 1940 binciken masana abinci ya nuna cewa tortiya da wake da barkono, in suka haɗu, abinci ne mai gina jiki. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiya na Meksiko cikin jerin kayan gadon duniya.

ABU ƊAYA, SUNA GOMA

In aka ɗora nama da albasa da yajin barkono a kan tortiya aka naɗe, ta zama tako. In aka sa cuku aka ninke aka gasa, kesadiya ke nan. In aka tsoma ta a miyar barkono aka naɗe, enciladas. In aka soya ta ta yi ƙaras-ƙaras, tostada. Wadda ta kwana ma ba a zubarwa, sai a yayyanka a soya a zuba mata miya a karya kumallo da ita, kamar yadda ake yi da ɗumamen tuwo, sunanta cilakiles. A jihar Wahaka akwai wata ƙatuwa mai faɗin faifai da ake kira tilayuda.

Ƙullun kansa yana da wasu hanyoyi. In aka cusa masa nama ko wake aka ƙunshe a ɓawon masara ko ganyen ayaba aka turara, kamar alala, ya zama tamal, wanda ake ci musamman ranar 2 ga Fabrairu. In aka dama shi da ruwa ko madara ya zama atole, ɗan'uwan koko. In kuwa aka bar ƙwayar nistamal ba a niƙa ba aka dafa ta da nama har ta fashe, shi ne fosole, abincin daren bikin 'yancin kai na 15 ga Satumba. Har burtuntunar da ke kama goyon masara, wadda manominmu zai cire ya jefar, a can abin marmari ce mai tsada.

Baƙi ma sun sa hannu. 'Yan Labanan da suka sauka a birnin Fuwebla a farkon ƙarni na 20 sun zo da shawarma, 'yan gari suka ɗauki dabarar gasa nama a tsaye suka ɗora a kan tortiya. Sai dai Musulmin da ya je can ya riƙa tambaya kafin ya ci, don naman alade da kitsensa suna shiga wannan tako da tamal da fosole da yawa. A arewacin ƙasar kuma, wajen jihar Sonora, tortiyar alkama aka fi ci. A 1985 ɗan sama-jannatin Meksiko Rodolfo Neri Vela ya tafi da tortiya sararin samaniya, aka ga ba ta marmashewa kamar burodi, daga nan ta shiga cikin guzurin 'yan sama-jannati.

DAGA DUTSE ZUWA INJI

Daɗin tortiya a bakin maigida, wahalarta a gwiwar uwargida. Ƙullun ba ya jimawa yake tsami, gurasar kuma da zafinta ake so, saboda haka kullum sai an yi sabuwa. Mace mai babban gida takan shafe awa biyar ko shida a durƙushe gaban dutse, tun kafin zakara ya yi cara. Injin niƙan nistamal ya fara shiga birane a ƙarshen ƙarni na 19, ya kai ƙauyuka tsakanin shekarun 1920 da 1940. Maza da yawa sun yi ta ƙorafi cewa ɗanɗanon ya canza, mata kuwa suka yi ta tururuwa da ƙoransu.

A 1947 Fausto Celorio ya yi rajistar injin da ke yin tortiya, aka yi ta gyara shi har ya zama yana yanka ƙullu yana gasawa yana fitarwa dubbai a awa guda. A 1949 Roberto Gonzalez Barrera da mahaifinsa suka kafa masana'antar garin nistamal a jihar Nuebo Liyon, wadda ta haifi garin Maseca. A zuba ruwa a kwaɓa, shi ke nan. Shagunan tortiya a ƙasar sun haura 100,000, kowace unguwa da nata, inda za ka ga layin yara da tsummansu na naɗe ta da tsakar rana. Masu son ta gargajiya dai har yanzu suna cewa ta gari ba ta kama ƙafar ta sabon niƙa ba.

GWAMNATI, KASUWA DA IRI

Shekaru da yawa gwamnatin Meksiko tana riƙe da farashin tortiya ta hannun wata hukuma mai suna CONASUPO, wadda ke sayen masara daga manoma da daraja ta sayar wa masu niƙa da rahusa. A ranar 1 ga Janairu 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Meksiko da Amurka da Kanada ta fara aiki, a ranar ce kuma 'yan tawayen Zapatista suka ɗauki makamai a jihar Ciyafas suna cewa an sayar da ƙananan manoma. Masarar Amurka, wadda gwamnatin can ke tallafa wa, ta kwararo da araha. Mai gonar kadada biyu a kan dutse ba shi da ƙarfin gasa da ita, matasa da yawa suka bar gona suka nufi birane ko suka tsallaka Amurka cin rani. A 1999 aka janye tallafin tortiya aka rushe hukumar.

To, an faɗa wa masu saye cewa buɗe iyaka zai kawo araha. Sai ga shi a 2006 Amurka ta dukufa wajen mai da masara man mota, farashinta ya tashi a kasuwar duniya, ana kuma zargin manyan dillalai da ɓoye kaya. Ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu: manomi ya rasa kasuwa, mai saye kuma bai tsira ba. Wannan ya jawo zanga-zangar 2007, a shekarar ce kuma aka kafa wani gangami mai taken "in babu masara babu ƙasa".

Farar masarar da ake tortiya da ita, yawancinta a gida ake nomawa, musamman a jihar Sinalowa. Rawaya ce ake shigowa da ita daga Amurka don kaji da dabbobi da masana'antu, wadda a shekarun 2020 ta haura tan miliyan 15 kowace shekara, kuma mafi yawanta irin da aka sauya wa halitta ne. Tsoron mutanen Meksiko shi ne iska ta kwashi ƙurar furen wannan iri ta gauraya da jinsunan gado. A Fabrairun 2023 Shugaba Lopez Obrador ya hana amfani da irin wannan masara wajen yin tortiya. Amurka ta kai ƙara, kwamitin sasanta rikicin ciniki ya ba ta gaskiya a Disambar 2024, Meksiko ta janye dokar. Amma a Maris 2025, a zamanin Shugaba Claudia Sheinbaum, aka gyara tsarin mulki aka haramta shuka irin a ƙasar.

INA RUWANMU?

Masara ta iso gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16 ta hannun Turawan Fotugal. Sunanta na Hausa kuwa ya sa masana harshe da yawa suna ganin cewa ƙasar Hausa ta wajen Masar ta san ta. A da abin bayan gida ce a Arewa, a gasa a rage yunwar damina kafin gero ya nuna. Sai a shekarun 1970, da aka buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, aka kawo taki da sabon iri daga cibiyar IITA ta Ibadan, ta zama amfanin gona na sayarwa, tuwon masara ya zauna a gidaje. Wani daga cikin waɗannan iri ya samo tushe ne daga jinsin Tusfenyo na Meksiko, ta hannun cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da aka kafa a can a 1966. A wannan cibiya ce Evangelina Villegas da Surinder Vasal suka inganta masara mai ƙarin sinadarin gina jiki, wadda Gana ta fitar wa manomanta a 1992 da sunan Obatanpa.

Irin dai ya iso mu har sau biyu, da farko a jirgin ruwa, daga baya ta hannun masana. Dabarar toka ce ba ta biyo shi ba. Abin da ke tsare mai cin tuwon masara shi ne mahaɗi, watau wake da gyaɗa da daddawa da kifi da nama a cikin miya. Ɗan cin ranin da ke zaune a Ikko ko Fatakwal yana tsimin kuɗin aikawa gida, wanda ya mai da koko da eko da tuwon masara abincinsa safe da dare, ya kamata ya tuna da wannan. Mai sayen buhu kuma ya duba da kyau, masarar da ta yi funfuna ba abin ci ba ce komai arahar ta: a Kenya a 2004 irinta ta kashe mutum 125. Bahaushiya kuwa ta san kanwa ta san ruwan toka tun kaka da kakanni. In masana abincinmu na Samaru da Ibadan suka ga dama su jarraba dabarar nistamal a kan masararmu, ba a kan baƙon abu za su ɗora ta ba.